Sunan Sousa a Kan Faifai, Sanda a Hannun Wani: Martani ga Lawrence Lessig

A babin farko na littafinsa Remix (2008), Lawrence Lessig, farfesan shari'a a Amurka, ya tsayar da madugun badujala John Philip Sousa a matsayin shaidarsa na farko. Abin da ya dogara da shi shi ne bayanin da Sousa ya yi a gaban kwamitin Majalisar Dokokin Amurka a watan Yunin 1906, inda ya koka cewa injunan magana za su kashe waƙar da matasa ke rerawa a ƙofar gida da yamma, har wata rana maƙogwaron ɗan Adam ya mace saboda rashin amfani. A kan wannan Lessig ya gina rabe-rabensa na al'adu biyu: wadda jama'a ke karɓa su sarrafa su mayar da tasu, da wadda aka bar musu saurare kawai. A karatunsa, Sousa mutum ne da ya hango ƙarni guda na zaman saurare, ya kuma yi kukan mawaƙin sha'awa tun kafin a binne shi. Karatun ya yaɗu ƙwarai a tsakanin masu rubutu kan haƙƙin mallaka da fasahar zamani. Ni dai ina ganin an sa wa mutumin rigar da ba tasa ba, kuma hujjar hakan tana cikin faya-fayan da ke ɗauke da sunansa, waɗanda muhawarar Lessig ba ta tsaya a kansu ba.

Tarihin rayuwarsa sananne ne (Bierley, 1973, Warfield, 2013), don haka taƙaitawa ta wadatar. An haife shi a Washington a 1854. Mahaifinsa mabushin turombon ne a ƙungiyar badujalar sojojin kundumbala, kuma shi ya sa shi koyon aiki a cikinta yana ɗan shekara 13. Ya shugabanci wannan ƙungiya daga 1880 zuwa 1892, zamanin da ya tsara "Semper Fidelis" (1888) da "The Washington Post" (1889). Daga nan ya ajiye kaki, shi da manajansa David Blakely suka kafa ƙungiya ta kasuwa mai sunansa, wadda ya yi yawo da ita har rasuwarsa a 1932. Maci 136 ake lissafa masa, cikinsu har da "The Stars and Stripes Forever" wanda aka fara busawa a bainar jama'a a 1897.

Abin da ba a cika kawowa ba shi ne cewa wannan mai sukar garmaho yana cikin waɗanda garmahon ya fara ci da sunansu. Tun 1890, yana sanye da kaki, kamfanin Columbia da ke Washington ya fara naɗar ƙungiyar kundumbala a kan silindar kakin zuma. Bayan ya kafa tasa, sai kamfanin Berliner ya ɗauka, daga baya kuma kamfanin Victor, kuma faya-fayan da suka fito da tambarin ƙungiyar Sousa sun haura dubu. Amma aikin James R. Smart na jera waɗannan faya-fayai (1970) da binciken Paul Bierley sun tabbatar da abu guda: waɗanda Sousa da kansa ya riƙe sanda aka naɗa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma akasarinsu tsakanin 1917 da 1923 ne. Sauran duk yaransa ne suka jagoranta, irin su Henry Higgins da Arthur Pryor da Herbert L. Clarke, ko kuma ma'aikatan Victor irin su Walter B. Rogers, wanda shi ma tsohon mabushinsa ne. A shekarun 1920 ma wasu faya-fayan madugan kiɗan kamfanin ne suka riƙe musu sanda. Mutumin da ya kira abin kiɗan gwangwani ya bar sunansa a jikin gwangwanin fiye da shekara talatin, har ya taɓa ba Victor shaidar yabo da aka buga a talla. Ƙafarsa ce kawai ya hana ɗakin naɗa, in ban da waɗancan 'yan lokuta.

Mai son kare Lessig zai iya cewa wannan munafunci ne na ɗan Adam, ba ya rushe gaskiyar hasashen. Ban ga munafunci a nan ba. Abin da na gani tsari ne, kuma idan aka bi kuɗin za a gane shi.

Sousa ya sayar da "The Washington Post" ga mabugin Philadelphia, Harry Coleman, a kan dala 35, sayarwa ta har abada. Macin ya zagaya duniya, ya zama kiɗan rawar da ake yayi a Amurka da Turai, Sousa bai ƙara ganin ko sisi daga takardunsa ba. Bai manta da wannan ba. Daga 1893 ya koma kamfanin John Church bisa yarjejeniyar la'ada a kan kowace takarda da aka sayar, kuma "The Liberty Bell" kaɗai ya kawo masa fiye da dala 40,000 cikin ƙasa da shekara bakwai. To a daidai lokacin da ya gano cewa arzikin mai tsara kiɗa yana cikin yawan kofen da aka sayar, sai ga wani sabon kofe ya shigo kasuwa wanda doka ba ta san da shi ba. Kamfanin faifai ko na naɗin takardar fiyano mai kaɗa kanta yana iya sayen takardar maci guda ɗaya a kanti, ya naɗe, ya sayar da dubbai, ba tare da biyan mai kiɗan komai ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1908 a shari'ar White-Smith da Apollo, bisa dalilin cewa abin da ido ba ya iya karantawa ba kofe ba ne a wurin doka. Zaman kwamitin 1906 da Lessig ya ɗauko zama ne a kan wannan giɓi na doka, kuma Sousa ya je ne tare da mai tsara kiɗa Victor Herbert don neman a toshe shi. Maƙalar da Sousa ya buga a mujallar Appleton's a watan Satumba na wannan shekara, wadda ta faɗaɗa kukan nasa, ita ma da batun haƙƙin masu tsara kiɗa ta ƙare (dubi Warfield, 2009). Dokar 1909 ta ba su senti biyu a kan kowane kofe, amma a kan ayyukan da aka buga bayan dokar ta fara aiki kaɗai. Ma'ana, manyan macin Sousa, waɗanda aka fi naɗa, ba su shiga ba.

Adalci ya wajaba a nan, domin Lessig bai ɓoye wannan ba. Ya faɗa ƙarara cewa Sousa ya je neman faɗaɗa haƙƙin mallaka ne, har ya siffanta shi da mai tsauri a wannan fage a ma'aunin zamaninsa. Ƙarfin hujjarsa yana wani wuri dabam. Ya kawo musayar da aka yi tsakanin Sousa da ɗan majalisa Frank Currier, inda Currier ya nuna cewa wataƙila dokar haƙƙin mallaka ce ta sa mutane suka daina taruwa suna waƙa, Sousa kuma ya amsa cewa shi bai taɓa sanin haramun ne mutane su taru su yi waƙa ba. Lessig ya karanta wannan amsa a matsayin iyaka: ko mai tsauri irin Sousa ya yarda akwai filin da doka ba ta shiga, filin mawaƙin sha'awa, kuma wannan filin ne zamaninmu ya mamaye. Hujja ce mai kyau, kuma ita ce ya kamata a amsa.

Amsata ta farko ita ce, layin da Sousa ya ja layi ne tsakanin amfanin da ake karɓar kuɗi a kansa da wanda ba a karɓa, kuma wannan ba daidai yake da layin Lessig na mai ƙirƙira da mai saurare ba. Sousa yana cikin waɗanda suka tsaya wa ƙungiyar ASCAP mai kare haƙƙin masu tsara kiɗa tun kafuwarta a 1914, kuma ɗaya daga cikin ƙararraki biyu da Kotun Ƙoli ta yanke tare a 1917, a hukuncin da aka fi sani da Herbert da Shanley, a kan macinsa ne, "From Maine to Oregon", wanda makaɗa suka kaɗa wa masu cin abinci a wani otal na New York. Waɗannan makaɗa mutane ne masu rai, da kayan kiɗa a hannu, babu inji ko ɗaya a wurin. Duk da haka mabuginsa ya kai ƙara, domin otal ɗin yana cin riba. Da inji ne abokin gabarsa, da wannan ƙara ba ta da wurin zama a tarihinsa.

Amsa ta biyu ta fi nauyi a wurina. Wane ne wannan mawaƙin sha'awa da Sousa ke kuka dominsa? Shi ne mai sayen takardarsa. An ƙiyasta cewa a 1889 akwai ƙungiyoyin badujala kusan 10,000 a Amurka, akasarinsu na garuruwa da masana'antu da ƙungiyoyin zumunta, ma'aikata ne da rana, mabusa da yamma (Hazen da Hazen, 1987). Kowace tana bukatar kunshin takardu na kowane sabon maci. Ga kuma fiyanon falo, wadda 'yan matan gidajen masu hali ke koyo. Ana buga macin Sousa domin fiyano da banjo da mandolin da sauran kayan kiɗan gida. Yarinyar da ta koyi fiyano za ta sayi takarda, Sousa ya sami la'ada. Gidan da ya sayi garmaho ya bar fiyano ta yi ƙura zai sayi faifai, Sousa bai sami komai ba. Ban ce wannan ya sa kukansa ƙarya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, a 1906 ba a iya raba son mawaƙin sha'awa da son kasuwar takarda a bakin Sousa, domin abu ɗaya ne, kuma Lessig ya raba su ne saboda muhawarar 2008 tana bukatar a raba.

Sannan akwai abin da ƙungiyar Sousa kanta ta koya wa Amurka. Bierley ya lissafa wasanni 15,623 da ta yi cikin shekara 40, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau takwas kacal ta yi fareti a titi. Ƙungiya ce ta zaure da tikiti, ta ƙwararrun da ake biya albashi mai tsoka, jama'a na zaune a kujera suna kallo. Ta je baje kolin Paris a 1900, ta zagaya duniya a 1910 zuwa 1911 har da Afirka ta Kudu da Ostireliya. Wanda ya ji ta a garinsu ya koma ya saurari 'yan badujalar unguwa, dole kunnensa ya canza. Idan al'adar zama a saurari ƙwararre ita ce cutar da Lessig ke nufi, to Sousa yana cikin manyan masu yaɗa ta, jirgin ƙasa ne kawai abin hawansa maimakon faifai. Ina ganin wannan ita ce matsalar da karatun Lessig ba zai iya haɗiyewa ba.

Sai dai kuɗi kaɗai bai bayyana komai ba, kuma a nan nake rabuwa da waɗanda ke rufe maganar da cewa batun la'ada ne kawai. Da la'ada ce duka, da Sousa ya shiga ɗakin naɗa ya ƙara farashi, tunda faifan da shi ya riƙe wa sanda zai fi tsada. Me ya hana shi?

Sai an duba yadda ake naɗa kafin zuwan makirufo a 1925. Mabusa suna cunkushe ne a gaban wani babban mazurari, ƙarfin busarsu ne kaɗai ke girgiza allurar da ke sassaƙa kaki. Silinda tana ɗaukar kimanin minti biyu, faifai mai inci goma kimanin uku, don haka ana yanke maimaici ko a gaggauta. Ƙungiyar da ke da mutum fiye da arba'in a dandali sai a rage ta zuwa adadin da mazurari zai iya ji. Busa mai laushi ba ta kamuwa sosai, mai ƙarfi kuma tana ɓata sassaƙa, saboda haka kowa yana tsayawa a tsaka-tsaki. Babbar ganga kuwa galibi ajiye ta ake yi, domin bugunta yana sa allura tsalle. Mark Katz (2004) ya yi bayanin irin wannan tasiri na inji a kan kiɗa gaba ɗaya, ba sai na maimaita ba.

Abin lura shi ne, abubuwan da mazurari ke kashewa su ne ainihin abin da Sousa ke sayarwa a dandali. Takardun macinsa da aka buga cike suke, kowa yana busa kusan daga farko har ƙarshe, domin an shirya su ne yadda ƙaramar ƙungiya mai tafiya a titi za ta iya amfani da su. Amma tsofaffin mabusansa, musamman Frank Simon wanda ya yi wa malaman badujalar makarantu bayani dalla-dalla a shekarun 1960, sun shaida cewa shi ba haka yake kaɗa su ba. Yakan sa masu konet da turombon su yi shiru a zagayen farko na wani sashe, ya saukar da masu kilarinet zuwa ƙaramar murya, ya rage sauti har sai zaure ya yi tsit, don idan tagulla ta dawo a zagaye na ƙarshe ta zo da nauyi. Yakan ƙara bugun ganga a wuraren da takarda ba ta nuna ba, shi ya sa ya riƙe mai babbar gangarsa, August Helmecke, da daraja ta musamman. Waɗannan sauye-sauye da baki yake faɗarsu, ko da alamar hannu, bai buga su ba. Macin kuma yawanci ba ya cikin jerin da aka buga na wasa. Ƙari ne da yake jefowa nan take bayan wani dogon kiɗa, tun tafi bai lafa ba. Duk wanda ya yi nazarin waƙar baka ya san irin wannan tazara tsakanin abin da makaɗi ya yi a gaban jama'arsa da abin da ya rage a faifan minti uku.

Idan aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne na mutum mai kaya iri uku. Takarda ya sayar wa kowa, ya karɓi la'ada. Suna ya ba kamfanin faifai haya, yaransa suka sami aikin yi a lokacin da ba a yawo. Na ukun, wato yadda macin ke fita idan shi ne a tsaye da fararen safar hannunsa, ya riƙe shi, ba a samunsa sai an sayi tikiti. Ina kyautata zaton ƙin shiga ɗakin naɗa da ƙin buga sauye-sauyensa hali ɗaya ne.

A nan dole in ja linzami, domin hujja ba ta kai inda zuciya ke so ta kai ba. Cewa ya ɓoye sauye-sauyen ne da gangan don kada a kwaikwaye shi magana ce da ta zo ta bakin waɗanda suka yi aiki da shi, shekaru bayan rasuwarsa, kuma akwai bayani mafi sauƙi: mabugi yana son takardar da za ta yi wa kowace ƙungiya aiki, a titi ko a zaure. Bayanan biyu suna iya zama gaskiya tare. Haka kuma akwai abin da ke gefen Lessig wanda ba zan tsallake ba. A shekarunsa na ƙarshe Sousa ya ba da lokacinsa ga badujalar makarantu, ya yi alƙalanci a gasanninsu, ya je sansanin kiɗa na matasa a Interlochen, har ya tsara musu "The Northern Pines" a 1931. A 1917, yana da shekara 62, ya shiga rundunar sojojin ruwa ya horar da ɗaruruwan matasa mabusa a sansanin Great Lakes a kan albashin dala ɗaya a wata. Mai lissafin la'ada kaɗai ba ya yin haka. Don haka ba na da'awar cewa bai damu da mai koyo ba. Da'awata ta fi haka ƙanƙanta: bayanin 1906 ba ya iya ɗaukar nauyin da Lessig ya ɗora masa, domin mai bayanin yana da hannu dumu-dumu a cikin al'adar saurare, kuma abin da ya nema a wurin majalisa rabo ne daga cinikin injin. Bai nemi a hana injin ba. Da rediyo ya zo ma ya daɗe yana ja, amma a 1929 ya amince ya jagoranci ƙungiyarsa a shirye-shiryen da kamfanin General Motors ya ɗauki nauyi. A lokacin makirufo ya riga ya zo, kuma biyan ya yi kauri. Ko wanne daga cikin biyun ya fi rinjaya, babu ɗayansu da ya shafi matasan ƙofar gida.

Wannan yana da sakamako ga masu amfani da faya-fayan a matsayin madogara, kuma a nan kuskuren ya fi yawa a ɓangarenmu na manazarta kiɗa fiye da ɓangaren lauyoyi. Sau da yawa akan ɗauko faifan Victor na farkon ƙarni a auna saurinsa, a ce ga saurin da Sousa ke kaɗa macinsa. Faifan da Pryor ya jagoranta shaida ne a kan Pryor, mutumin da ya fi ubangidansa karkata ga sabon kiɗan ragtime, wanda kuma ya bar ƙungiyar a 1903 ya kafa tasa ya ci gaba da naɗa wa Victor. Shaida ne kuma a kan tsawon faifai da haƙurin allura. Amma watsar da su gaba ɗaya shi ma wuce gona da iri ne. Mabusan da ke gaban mazurarin, aƙalla a shekarun farko, su ne waɗanda ke busa waɗannan maci a gaban Sousa dare da rana. Yadda suke yanke sauti gajere, da yadda suke raba nauyi a cikin awo, abubuwa ne da suka zauna a leɓe da yatsa, ba sa canzawa don an canza mai sanda na yini ɗaya, kuma mazurari yana kama su. Sauri da ƙarfin sauti da ganga su ne ba za a amince da su ba.

Faya-fayan da Sousa da kansa ya jagoranta, irin su "Sabre and Spurs" da "Solid Men to the Front" na 1918, su ne ma'aunin da ya rage, duk da cewa su ma ta mazurari suka bi. Aikin da ya dace shi ne a jera su kusa da na Pryor da na Clarke da na Rogers, a ware abin da duka suka yi tarayya a kai, wanda ɗabi'ar ƙungiya ce ko tilascin inji, daga abin da ya bayyana a nasa kaɗai. Sannan a gwada sakamakon da shaidar Simon da kuma alamomin da mabusa suka rubuta da fensir a takardunsu na aiki, waɗanda da yawansu ke ajiye a Jami'ar Illinois.